Daga cikin lobsta zuwa cikin ɗan tarwada: kundin aikina na awo da hoto

5 ga Oktoba

Da sunan Allah na buɗe wannan kundi, don in riƙa ajiye abin da na yi, da abin da ya ɓaci, da abin da na kashe. Tun da na gama karatun ilimin halittu nake taya Kawu aiki a ƴar gonar kifin da ya yi a bayan gidansa nan unguwar Garin Malam a Damagaram: tankin siminti 4 da bahon roba 6 na ƙyanƙyasa. Abin da ke cin ranmu a kowane zubi shi ne mutuwar ƴaƴan tarwada cikin makonni biyun farko. Da safe sai ka tarar da su fari fat a gindin baho, ba ka san ko yunwa ce ta kashe su ba, ko ruwa, ko ciwo.

Yaya, ɗiyar Baffa da ke karatun kiwon halittun teku a waje, ita ta sa mini wannan tunani. Muna hira ta waya ta ce a wurin aikinsu ba sa yanka ƙananan lobsta don su san ko abinci ya karɓe su, hoto suke ɗauka kwamfuta ta auna. Ga wanda bai san ta ba, lobsta dangin jatan lande ce da ƙaguwa, mai ƙafa 10 da ɓawo mai tauri. Masu Faransanci sun raba ta biyu: omar, mai manyan hannuwa kamar awartaki, da langus, mai ƙaya da dogayen ƙahoni, irin wadda ake kamawa a gaɓar Muritaniya da Senegal. Ni ban taɓa ganin ta da rai ba, tunda daga Damagaram sai mota ta haura kilomita 1,000 kafin a ga teku. Amma na ce mata ina so in koya. Za ta turo mini hotuna da izinin malaminta in yi atisaye a kansu, daga baya in gwada a kan ƴaƴan kifinmu.

9 ga Oktoba

Na sauke manhajar auna hoto mai suna Fiji a tsohuwar kwamfutata. Ita ce ImageJ da aka haɗa mata ƙarin kayan aiki. Wayne Rasband ya rubuta ImageJ a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ta fito a 1997, kuma kyauta ce. Sau biyu saukewar ta katse, sai da tsakar dare ta kammala. Kuɗin intanet: jika 2, wato sefa 2,000.

12 ga Oktoba

Kwana uku ina karatu kawai, don Yaya ta ce kada in auna abin da ban san sunansa ba.

Cikin lobsta ba irin na kifi ba ne. Haƙoranta na niƙa a cikin tumbi suke, guda 3, ɗaya a tsakiya biyu a gefe, suna aikin dutsen niƙa. Abin da ya niƙu sai a tace shi, mai laushin ya wuce wata gaɓa da ta cika mafi yawan ƙirjinta, wadda masana ke kira hefatofankiriyas. Ita kaɗai ke fitar da ruwan narkar da abinci, ita ke tsotse abincin, ita ce kuma ma'ajiya. A nan zan riƙa kiran ta hantar lobsta don sauƙi. Tarin ƙananan bututu ce, jikin kowane bututu da ƙwayoyin halitta iri 4 da aka sa wa haruffa. E su ne sababbi da ke can ƙarshen bututu, daga cikinsu sauran ke fitowa. F ke haɗa sinadaran narkarwa. B masu babban ƙoƙo ne a ciki, suna narkarwa su tattara dusar a zubar. R su suka fi yawa, kuma su ke tara kitse da sukarin ajiya. Da na kai nan sai na ga rumbu a idona: in abinci ya wadata R su cika, hantar ta kumbura launinta ya ƙosa; in yunwa ta daɗe sai a riƙa ɗiba daga rumbun, ta motse ta koɗe.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dalilin da ya sa sikeli ba ya isa. Lobsta saɓa take yi kamar maciji kafin ta girma. Tana daina cin abinci in saɓar ta kusa, in ta fita daga tsohon ɓawo kuma sai ta sha ruwa jikinta ya buɗe kafin sabon ya yi tauri. Haka ma in tana ramewa a cikin ɓawo, ruwa ke maye gurbin naman da ya tafi. Ka ɗora ta a sikeli ka ga nauyi, alhali ciki fanko. Shi ya sa tun da can sai dai a kashe ta a ciro hantar a auna, ko a zuƙi jininta a duba kaurinsa kamar yadda masu sayen lobsta ke yi a Kanada. Ƴar ƙarama kuwa ba ta da jinin da za a zuƙa, in an kashe ta kuma an rasa ta. Sa'ar ita ce ƴaƴan langus garau suke kamar gilashi. Watanni suke yi a tsakiyar teku, jikinsu shimfiɗe kamar ganye, sannan su rikiɗe su yo iyo zuwa gaɓa ba tare da sun ci komai ba, da kitsen da suka tara kaɗai. A wannan ƙuruciya ana hango hantar ta cikin ɓawo.

17 ga Oktoba

Hotuna 60 sun iso shekaranjiya, na yi yini biyu a kansu a banza. Duk inda na ƙara girman hoto sai gefen hantar ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai. Ashe manhajar saƙon da muka yi amfani da ita matse hoto take yi don ya yi sauƙin tafiya, tana zubar da rabin bayanan da nake nema. Yaya ta sake turowa a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Wani jika 1 da rabi ya tafi.

Yadda awon yake: kowane hoto akwai ƴar rula a gefe. Sai in ja layi a kanta in gaya wa manhajar cewa wannan tsawon milimita 5 ne, ita kuma ta san ɗigon hoto nawa ke cikin milimita ɗaya. Daga nan in zagaye ɓawon ƙirji, in zagaye hantar, in raba faɗin wannan da na wancan. Na auna 10, na bari aka yi la'asar na sake auna su ba tare da na kalli lambobin farko ba. A hotuna 4 bambancin ya haura kashi 10 cikin 100. Hannuna ne bai tsaya ba tukuna, musamman a gefen da launin hanta ke narkewa cikin na nama.

20 ga Oktoba

Maimaici. Hoto 20. Bambancin ya sauko ƙasa da kashi 5 tun da na bar zagayewa da hannu na koma ware launi.

24 ga Oktoba

Na shiga awon launi. Maimakon ja da kore da shuɗi da waya ke ajiyewa, ana juya hoton zuwa ma'auni 3: L na haske daga 0 zuwa 100, a daga kore zuwa ja, b daga shuɗi zuwa rawaya. Yaya ba ta gaya mini waɗanne ne suka ci suka ƙoshi ba, waɗanne aka rage wa abinci. Na jera su bisa faɗin hanta da ƙarfin rawaya na tura mata. Cikin 60 na dace a 49. Ta ce, “Ƙanena, yawancin waɗanda ka kuskure suna dab da saɓa ne, ɓawonsu ya dushe. Mu ma ware su muke yi.” Na ji daɗin wannan rana ƙwarai.

29 ga Oktoba

Na haɗa akwatin ɗaukar hoto. Ɗan tarwada bayansa ke fara yin duhu, cikinsa ne ke daɗewa da haske, don haka daga ƙasa zan ɗauka: waya a kwance tana kallon sama, fallen gilashi a bisanta, kifi cikin ɗigon ruwa a kan gilashin, fitila daga sama an tare ta da farar takarda don hasken ya baje. Kwali na samu kyauta wurin mai shago. A Kasuwar Dole na sayi gilashin ƙara girma da ake maƙala wa waya, jika 2 da rabi. Fitila mai tsayi da ake jona wa kuran, jika 1 da rabi. Guntun gilashi, dala 100, wato sefa 500. Takardar milimita, dala 40. Jimilla sefa 4,700.

Kawu ya tsaya yana kallona ina yanke kwali. Ya ce, “Ɗana, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Shekara nawa ina kallon cikin kifin nan.” Na ce gaskiya ne Kawu, ni dai so nake in rubuta kimar da idonka ke gani, yadda ko ba ka nan za a iya aiki da ita. Ya yi shiru, can ya kawo mini ƙusa da guduma.

4 ga Nuwamba

Shekaranjiya da dare Kawu ya yi wa uwar kifi allurar da ke sa ƙwai su nuna, jiya da safe aka matse ƙwai, yau sun ƙyanƙyashe. Kwana 3 za su yi suna shan gwaiduwar da ke maƙale a cikinsu kafin su nemi abinci.

7 ga Nuwamba

Rana mai nauyi. Ɗan kifi ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, don haka na yi niyyar sa su barci da man kanumfari, wanda masu binciken kifi suka daɗe suna amfani da shi. Kuskurena biyu. Na farko, man ba ya narkewa a ruwa, sai an fara sirka shi da alkol na kanti, kashi 1 cikin 10, ni kuwa na ɗiga shi kai tsaye, ya tsaya a sama ɗigo-ɗigo, duk wanda ya bi ta wurin ya sha mai kauri. Na biyu, na zuba su 15 gaba ɗaya, ina ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen ya yi kusan minti 20 a ciki. Da na mayar da su ruwa mai kyau, 6 ne suka farfaɗo. Tara sun tafi.

Tara cikin dubbai ba asara ba ce a lissafin Kawu, amma ni abin ya dame ni, domin dalilin aikin nan duka shi ne a duba ciki ba tare da an kashe mai cikin ba. Ban iya cin tuwon dare ba. Daga yau: a sirka man, a rage shi sosai, kifi ɗaya-ɗaya, kuma kada ya wuce minti 2 daga baho zuwa baho. Na rubuta wannan a jikin kwalin da babban baƙi.

10 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Kifi 20, duka sun farfaɗo. Abincinsu atimiya ce, ƴan mitsi-mitsin jatan landen ruwan gishiri da Kawu ke sayo ƙwansu daga Kano, gram 100 jika 8. Launinta na lemo ne, yana fitowa sarai ta fatar ciki, manhajar na ware shi ba wahala. Tsawonsu tsakanin milimita 8 da 9. Na kira Kawu ya zo ya gani a allo, ciki ya yi girman tafin hannu. Ya daɗe yana kallo, ya nuna guda 3 da yatsa ya ce waɗannan ba su ci ba. Lambobin ma haka suka ce.

14 ga Nuwamba

Na ɓata awon kwana biyu da hannuna. Ranar 12 kuran ya ɗauke tun hantsi, ban so in tsallake rana ba, sai na buɗe saman kwalin na ɗauka da hasken rana. Ranar 13 ma haka, ga shi hunturu ya fara, hazo ya rufe gari har duwatsun Birni ba a hango su sosai. Da na zuba lambobin sai na ga rawaya ta yi tsalle, har na fara murna wai kifi sun ƙara ci. Allah ya sa na duba takardar milimita da ke gefen hoton: ita ma ta koma rawaya. Ƙurar sama na auna, ba cikin kifi ba. Ƙari a kan haka, waya da kanta take gyara haske da launi a kowane hoto yadda ta ga dama, sai an shiga an kulle su.

Abin da na ɗauka a nan ya fi duk abin da na koya a kan manhajar. Hotunan Yaya sun yi mini sauƙi ne saboda wani ya riga ya sha wahalar daidaita fitila da nisa da bango, ni ban gani ba. Gyara: na sayi batirin cajin waya da zai riƙe fitilar, jika 6, na kulle haske da launi a kyamara, na manna guntun farar takarda da baƙa a kusurwar gilashi, kowane hoto in fara duba su kafin in taɓa kifi. Hotuna 40 na ranakun nan na ware su gefe, ba za su shiga lissafi ba.

19 ga Nuwamba

Fatar ciki ta yi kauri, launi ya daina fitowa. Ke nan kwana 10 zuwa 12 kawai nake da su a kowane zubi. Wannan zubin ya wuce wurin Kawu.

25 ga Nuwamba

Zubi na biyu ya ƙyanƙyashe jiya, da jinkiri saboda sanyi. Ruwan baho da asuba digiri 21, su kuwa sun fi son kusan 28 zuwa 30. Mun mayar da bahunan ɗakin ajiya, mun lulluɓe da leda da tsofaffin barguna.

Wannan karon gwaji zan yi. Baho 3, kowane ɗaya kifi 300: na farko atimiya, na biyu gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka murje, wadda masu ƙaramin ƙarfi da yawa ke bayarwa don atimiya ta yi tsada, na uku garin abincin kanti mafi laushi.

28 ga Nuwamba

An fara ba su abinci. Hoto 10 daga kowane baho, minti 30 bayan ci.

2 ga Disamba

Kwana 3 famfo bai kawo ruwa ba. Duk ɗan Damagaram ya san wannan, amma mai ƴaƴan kifi ya fi kowa jin ta. Bahon gwaiduwa shi ya fi wahalar da mu: abin da ba su ci ba yana ruɓewa cikin awoyi kaɗan, ruwa ya yi fari yana wari, dole a zuƙe gindi a canza sau biyu a yini. Mun sayi bido 24 wurin ƴan garuwa, sefa 2,400. Ruwan ya kwana a waje ya yi sanyi ƙarara, sai da Inna ta ɗumama mana tukunya biyu muka sirka. Duk da haka jiya da safe na kwashe matattu 41 a bahon gwaiduwa, 12 a na gari, 5 a na atimiya.

Wani abu da hoton ya nuna wanda ban nema ba: da asuba cikinsu na nan da sauran abincin dare, abin da ban gani ba a zubin farko lokacin da ruwa ke da ɗumi. Sanyi ya rage musu narkarwa. Na nuna wa Kawu, muka janye ciyarwar asuba zuwa ƙarfe 9, muka rage ta dare. Ruwan ya fi daɗewa da tsabta.

5 ga Disamba

Awo kamar kullum. Batiri ya riƙe fitila, farar takarda ba ta motsa ba.

8 ga Disamba

Kwana 10 cif, na rufe gwajin, kuma sakamakon ya juya mini tunani.

In cikar ciki ce ma'auni, bahon gwaiduwa ne ya zo na ɗaya. Kusan kowace rana faɗin cikinsu a hoto ya kai na masu atimiya, wani lokaci ya fi. Amma tsawo: masu atimiya milimita 15 a tsakaice, masu gari 12, masu gwaiduwa 10 da ɗan ɗori. Waɗanda suka rayu cikin 300: 247, 196, 138. Baho ɗai-ɗai ne, ga matsalar ruwa ta shiga tsakani, don haka ba zan ce wa kowa ya bar gwaiduwa saboda lambobina ba, sai na maimaita. Abin da ya tabbata a wurina shi ne kwana 10 ina auna tukunya ina zaton rumbu nake aunawa. Launin da ke cikin hanjin ɗan tarwada yana gaya mini abin da ya haɗiya ɗazu. Hantar lobsta da Yaya ke aunawa tana gaya mata abin da jiki ya karɓa ya ajiye cikin kwanaki. Na ɗauko dabarar daga can na ɗora ta a kan gaɓar da ba ita ba.

Ba na cewa aikin ya tafi a banza. Hoton ya nuna mana waɗanda ba su ci ba tun ranar farko, ya gyara mana lokacin ciyarwa, ya ba mu tsawo ba tare da an taɓa kifi da rula ba.

13 ga Disamba

Mun yi kusan awa guda a waya da Yaya. Ta ce rumbun kifi hantarsa ce da tsokar bayansa. Hantar ɗan tarwada ƙarama ce ƙwarai, kyamarar waya ba za ta raba ta da hanji ba, amma kaurin jiki a bayan dubura, inda babu hanji sam, ana iya auna shi a raba da tsawo, kuma abincin ɗazu ba ya kumbura wurin. Daren jiya na koma kan tsofaffin hotunan na gwada a kan 30: masu gwaiduwa sun fi sirancewa a wurin tun kwana na 5, lokacin da cikinsu ke cike. Matsalar ita ce daga ƙasa na ɗauka, faɗi nake gani, ba zurfin jiki ba. Sai an kwantar da kifin a gefe.

Abin da ke gaba: ba za mu sake zubi ba sai sanyi ya sauka, wajen tsakiyar Fabrairu. Kafin nan zan yi ɗan kwarmi a jikin gilashi da zai riƙe kifi a gefensa, in rubuta jerin umarnin da zai sa manhajar ta auna hotuna da yawa a jere, in sake bin hotunan lobsta 11 da na kuskure. Gwaji na gaba baho 9 ne, 3 ga kowane abinci, kuma Kawu ya ce a sa garin fara a madadin gwaiduwa, tunda fara ba ta yankewa a kasuwarmu. Sai an ƙaro baho 3 da tanadin ruwa na kwana 4.

Abin da na kashe zuwa yau, ban da atimiyar Kawu: sefa 16,600. Baho 3 da ganga 1 za su ci kusan jika 20. Kawu ya ce zai ɗauki rabi in an sayar da kifin babban tanki a ƙarshen wata.